Tun Ran Gini: Sharhi a kan Zaɓen Darussa ga Ɗalibin da ke Nufin Ilmin Kwamfuta

Daga cikin mas'alolin da suka rikice wa iyayen yara a ƙasar Haɗeja, tun daga cikin birni har zuwa garuruwan fadama irin su Kirikasamma da Madaci da Baturiya, akwai wannan: yaron da ake fatan ya zama masanin kwamfuta, waɗanne darussa ne ya kamata ya riƙe a sakandare, kuma yaushe ne lokacin yanke shawarar? Galibin mutane sun ɗauka jawabin a fili yake, watau mai son kwamfuta sai ya karanta darasin Kwamfuta, yadda mai son fiƙihu zai buɗe littafin fiƙihu. Alhali kuwa hukumomin da ke riƙe da ƙofofin jami'a sun kafa sharaɗinsu ne a kan Lissafi da Turanci da Fizis, kuma ƙofar takan buɗe ko ta rufe tun ranar da yaro ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, shekara uku kafin shi ko mahaifinsa su ga fom ɗin JAMB da idonsu. Saboda haka ya kyautu a bi al'amarin daki-daki, a bambance asali da reshe, domin kada a yi ta kashe kuɗi a kan mustahabbi an bar farilla.

Ta'arifin kalmomi

Malaman usulu sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san surarsa, kuma kalmar kwamfuta a bakin jama'a tana ɗauke da abubuwa uku mabambanta waɗanda aka cakuɗa. Na farko shi ne iya amfani da na'urar: buga rubutu, aika saƙo, cike fom a intanet, ko aikin cirar kuɗi irin na masu POS. Wannan shi ake koyarwa a shaguna cikin 'yan watanni a ba da satifiket. Na biyu sana'ar gyara ce da haɗawa, kamar gyaran waya, da harhaɗa sassan na'ura, da jan wayoyin sadarwa a ofisoshi. Na uku, wanda shi jami'a take nufi, shi ne nazarin yadda ake warware matsala ta hanyar tsararrun matakai waɗanda na'ura za ta iya bi ba tare da an bar mata wurin kokwanto ba. Mutumin bakin kogi ba zai wahala wajen fahimtar wannan rabe-rabe ba, domin ya san tuƙa kwalekwale daban, yi masa faci daban, sassaƙa shi daga icce har ya hau ruwa bai kife ba kuma daban, ko da yake dukansu sana'o'i ne na halal kuma kowace tana ciyar da mai ita.

Waɗannan tsararrun matakai su ake kira algoridim. Idan aka rubuta su cikin harshen da na'ura ke karɓa, kamar Python ko Java, sai su zama manhaja, aikin rubutawar kuma matasa suna ce masa kodin. Fizis shi ne ilmin ɗabi'ar abubuwa, watau motsi da ƙarfi da zafi da haske da lantarki; Kimistiri ilmin sinadarai; Bayoloji ilmin halittu masu rai. Kiredit kuwa, wanda a kansa kome ya rataya, shi ne sakamakon da ya faɗa tsakanin A1 da C6 a jarrabawar WAEC ko NECO. Wanda ya sami D7 ko E8 ya haye a takarda, amma jami'a ba ta lasafta masa su cikin kiredit.

Asalin al'amari

Tun Jigawa tana cikin Jihar Kano aka gane cewa ɗan Arewa ba zai shiga fannonin kimiyya da yawa ba sai an tanada masa wurin da za a tsananta masa Lissafi da Fizis da Kimistiri, shi ya sa aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, daga baya aka ƙara wasu, ciki har da ta Kafin Hausa da na 'yan mata a Taura da Jahun, waɗanda Jigawa ta gada sa'ad da aka ƙirƙire ta a 1991. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna da rungumar fasahar zamani, aka kafa cibiyar Informatics a Kazaure tare da haɗin gwiwar wani kamfanin ilmi na Singafo, aka kuma kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse. Sa'an nan manyan makarantu suka yawaita: Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013 wadda yanzu take ɗauke da sunan Sule Lamido, Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021, ban da kwalejin Binyaminu Usman da ke cikin Haɗeja da ta Hussaini Adamu a Kazaure. Kuma tun 2019 shugaban NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ɗan Haɗeja ne, Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda ya karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi. Ba abin mamaki ba ne, ashe, da sha'awar fannin ta shiga zukatan samarin wannan yanki fiye da yadda take a da.

Shi kansa fannin ya yi rassa. A ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fito da sabon tsarin karatu wanda ya ware ilmin kwamfuta a matsayin fage mai zaman kansa, da digiri daban-daban a ƙarƙashinsa, kamar injiniyancin manhaja, da tsaron intanet, da kimiyyar bayanai, da fasahar sadarwa. A farkon 2024 kuma hukumar NBTE ta raba babbar difloma ta kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, da sadarwa da rumbun ajiya na intanet, da gina manhaja da shafuka, da tsaron bayanai. Sunaye sun yawaita har suna ruɗa uba da ɗa, amma duk wanda ya duba sharuɗɗan shiga zai tarar kusan jijiya ɗaya ce take shayar da su.

Abin da hukuma ta sharɗanta

Ƙofa biyu ɗalibi yake ratsawa, kuma kowace da mabuɗinta. Ta farko ita ce takardar gama sakandare, inda ake neman kiredit biyar da aka samu a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Ga mai neman digirin kimiyyar kwamfuta, abin da aka saba nema shi ne Turanci da Lissafi da Fizis, da wasu darussa biyu na kimiyya, kuma jami'o'i da dama suna ambaton Kimistiri da sunansa a cikin biyun. Ta biyu ita ce jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, wadda tun 2015 ake rubuta ta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Darussa huɗu ake zaɓa, jimlar maki 400. Turanci dole ne ga kowa. Mai nufin kimiyyar kwamfuta yana ƙara Lissafi da Fizis, na huɗun kuma ya ɗauko shi daga Kimistiri ko Bayoloji ko Aikin Gona ko Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa, gwargwadon abin da jami'ar da yake so ta yarda da shi. Wanda yake nufin injiniyancin kwamfuta, mai shekara biyar maimakon huɗu, ba shi da zaɓi, Lissafi ne da Fizis da Kimistiri.

To, ina matsayin darasin Kwamfuta da na Sarrafa Bayanai waɗanda aka saba yi a sakandare? Suna da fa'ida, babu shakka, suna cire wa yaro tsoron na'ura, kuma tun 2022 JAMB ta sa Nazarin Kwamfuta cikin darussan da ake iya zaɓa. Sai dai ba su tsayawa a madadin Lissafi, kuma a mafi yawan wurare ba su tsayawa a madadin Fizis. A ce yarinya ta sami A1 a Sarrafa Bayanai, ta sami D7 a Lissafi. A idon jami'a ba ta cika sharaɗi ba, alhali ƙawarta da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar JAMB, idan tana da kiredit a Lissafi da Fizis da sauran, ta cika.

Sauye-sauyen 2025 sun ƙara wa mutane ruɗu. Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabon tsarin karatu wanda ya rage yawan darussa, ya sa Fasahar Dijital cikin darussan da kowane ɗalibin babbar sakandare zai yi, ya kuma taƙaita darussan sana'a zuwa shida, ciki har da gyaran kwamfuta da waya da kuma haɗa sola. A cikin shekarar kuma aka sanar da cewa kiredit a Lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman fannonin adabi. Wasu da suka ji wutsiyar labarin sun zaci an sauke wa kowa nauyin Lissafi, alhali rangwamen bai shafi fannonin kimiyya da fasaha ba ko kaɗan.

Dalilin fifita Lissafi

A nan ne ya kamata a daɗe, domin wanda bai san illar hukunci ba yakan ɗauke shi zalunci. Kwamfuta 'yar lissafi ce tun kafin ta zama ƙarfe. A 1854 George Boole na Ingila ya nuna cewa ƙa'idojin manɗiƙi, watau gaskiya da ƙarya, da "kuma" da "ko" da "ba", ana iya rubuta su da alamomi a sarrafa su kamar aljabara. A 1936 Alan Turing ya siffanta a takarda, da hujjar lissafi tsantsa, na'urar da za ta iya bin kowane irin tsararrun matakai, tun ba a ƙera ta ba. A 1937 Claude Shannon na Amurka ya tabbatar da cewa makunnan lantarki, a kunne ko a kashe, suna iya ɗaukar aljabarar Boole su yi aiki da ita. Daga haɗuwar waɗannan ne na'urar ta fito, kuma daga nan mai karatu zai ga dalilin da ya sa Fizis yake biye da Lissafi: ɗaya yana bayanin tunanin, ɗaya yana bayanin jikin da ke ɗauke da tunanin. Ko a ƙasarmu, cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sunan malamin lissafi take ɗauke da shi, Farfesa Iya Abubakar.

Irin wannan tunani ba baƙo ba ne a zauren malamanmu. A ce wani manomi a Marma ya rasu, iyayensa sun riga shi, aka biya bashinsa aka zartar da wasiyyarsa, abin da ya rage buhun shinkafa 32, magadansa kuma mata ɗaya da ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata biyu, ga kuma ƙanensa shaƙiƙi yana zaune a gefe. Malamin fara'ili ba ya farawa da rabo, da tambaya yake farawa. Mamacin ya bar ɗa? Idan ya bari, matar tana da tumuni, ɗaya bisa takwas. Idan bai bari ba, tana da rubu'i. Ya bari, saboda haka buhu 4 nata ne, saura 28. Akwai ɗa namiji a cikinsu? Akwai, to ya shamakance ƙanen, ba shi da kome. Sa'an nan a lasafta namiji da rabo biyu, kowace mace da rabo ɗaya, rabo huɗu ke nan, kowane buhu 7: ɗan ya ɗauki 14, kowace 'ya 7. A ƙarshe malamin ya tara ya gani ko ya koma 32. Wannan jeri na "idan kaza ne, to kaza, in ba haka ba, kaza", da bin matakai bisa tartibi, da bincika natija a ƙarshe, shi ne ainihin abin da marubucin manhaja yake yi daga safe zuwa dare. Ba banza ba Muhammad bn Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya ba da babban kaso na littafin ga mas'alolin gado da wasiyya. Mu ma muna da namu: Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi waɗanda kowane layinsu yake ba da jimla ɗaya, har masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa, Shehu Magili kuma, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya kare ilmin manɗiƙi daga sukar Imam Suyuɗi da ke ƙinsa.

Bisa ga haka, duk inda ake koyar da Lissafi Mai Zurfi, wanda yake darasi ne na zaɓi a babbar sakandare, ya kamata mai nufin kwamfuta ya ɗauke shi, ko da jami'a ba ta wajabta shi ba, domin abin da ke cikinsa shi ne zai tarar a shekararsa ta farko a jami'a, kuma wanda ya taɓa ganinsa ba zai firgita ba. Turanci kuwa ba don ado ake nemansa ba. Harsunan kodin da kalmominsa aka gina su, littattafan bayani da shi aka rubuta galibinsu, kuma ko saƙon da na'ura take fitarwa idan manhaja ta ƙi aiki da Turanci yake zuwa, wanda bai fahimce shi ba sai ya kwana yana neman kuskuren da aka riga aka faɗa masa.

Sabuban da ke kawo kuskure

Sababi mafi girma shi ne lokaci. Rabon ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci yana aukuwa ne bayan jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, sa'ad da yaro bai fi shekara goma sha huɗu ko sha biyar ba, mahaifinsa kuma sau da yawa bai san an yi wani rabo ba, abin da ya sani kawai ɗansa ya ci gaba. Yaron sai ya bi abokansa, ko ya guje wa malamin da yake tsoro, ko a tura shi ajin da ke da gurbi. A makarantun karkara akwai ƙarancin malaman Fizis da Lissafi da ɗakunan gwaji, lamarin da ba Jigawa kaɗai ya shafa ba, har ta kai wata makarantar tana da ajin kimiyya a suna kawai.

Ƙasar fadama kuma tana da nata uzurin. Ruwa yakan cika ne a watannin Agusta da Satumba, daidai lokacin da ake buɗe sabuwar shekarar karatu, kuma a shekarar ambaliya mai tsanani kamar 2022 hanyoyi sukan yanke, makarantu su zama matsugunin waɗanda ruwa ya kora. Da ruwa ya ja baya kuma sai yankan shinkafa da su da shirin noman rani su ɗauke hannun samari. Darasin Tarihi idan aka rasa mako uku ana iya karanta shi a cimma. Lissafi kuwa kowane babi a kan na bayansa yake zaune, wanda ya rasa tushen aljabara a zangon farko zai yi ta ɗingishi har aji uku, daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da kan lissafi, alhali zangon karatu ɗaya ya rasa.

Akwai kuma ranar cike fom. Ɗalibi ya taso daga ƙauye zuwa Haɗeja da lambarsa ta NIN, ya tarar da layi, mai shigar da bayanai yana gaggawa, ya tambaye shi darussa huɗu, shi kuma ya zaɓi waɗanda ya fi jin zai ci. Ko da ya sami maki mai yawa, idan haɗin darussansa bai dace da fannin ba ba za a duba shi ba, alhali littafin jagora na JAMB, wanda ya jera sharaɗin kowace jami'a, kyauta yake a shafin hukumar. Game da kiredit ɗin da ake samu ta hanyar satar amsa kuwa, ba sai an tsawaita ba, ajin farko na jami'a yana tona shi.

Saɓanin ra'ayi

Wata jama'a, galibi matasa, suna cewa duk wannan tsohon zance ne: a fagen kwamfuta abin da hannunka ya iya ake tambaya, ga Bill Gates da Mark Zuckerberg sun bar jami'a ba su gama ba, ga kuma shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana horar da mutane cikin watanni. A maganarsu akwai gaskiya mai yawa. Gina shafin intanet, da zanen fuskar manhaja, da tallan kaya ta intanet, duk ana koyonsu ba tare da digiri ba, kuma akwai masu ci da su. Sai dai ƙiyasin da aka yi da mutanen nan biyu ƙiyasi ne mai bambanci, domin jami'ar da suka bari Harvard ce, kuma sai da suka cika sharuɗɗan shigarta kafin su fita. Koyon kai da kai yana bukatar wuta da data da kwamfutar hannu da Turanci mai ƙarfi, waɗanda su ne ainihin abin da ɗan ƙauye yake rasawa. A wurinsa jami'a ko kwaleji ita ce wurin da zai fara samun waɗannan. Aikin gwamnati da hidimar ƙasa da ƙarin karatu kuma har yanzu takarda suke tambaya.

Wata jama'a kuma, tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, suna cewa ƙirƙirarriyar basira tana rubuta manhaja da kanta, saboda haka fannin ya kusa mutuwa. Masana sun saɓa a kan yawan ayyukan da za su salwanta, kuma mai hankali ba zai yi rantsuwa a kan gaibu ba. Abin da ya bayyana zuwa yanzu shi ne, aikin da na'urar ta fi saurin ƙwacewa shi ne mai sauƙi mai maimaituwa, irin wanda ake koya cikin wata uku, kuma abin da ta rubuta yakan zo da kuskure mai kama da daidai, wanda ba ya gane shi sai mai tushe. Ita kanta da aljabara da ilmin ƙididdiga aka gina ta. Idan wannan hujja ta nuna wani abu, to ƙarin bukatar Lissafi ta nuna.

Akwai kuma dattawa masu tsoron kada ajin kimiyya ya raba yaro da Arabiyya da ilmin addini, kuma tsoronsu abin girmamawa ne. Amma ɗalibi darussa takwas ko tara yake rubutawa, sharaɗin jami'a kuma biyar ne, saboda haka akan sami gurbin Addinin Musulunci ko Arabiyya ko Hausa idan jadawalin makaranta ya ba da dama, ban da karatun zaure da na Islamiyya da ba su tsaya ba. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lasafta likitanci da hisabi cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai su kowa ya yi laifi. Kai, wanda ya goge a nahawu, ya saba da cewa wasali ɗaya yana juya ma'anar jimla, ya riga ya sami rabin ladabin da kodin yake bukata, inda waƙafi ɗaya yake tsayar da manhaja. Kuma na'urorin fassara da masu sauraron magana ba za su iya Hausa da kyau ba sai an sami Hausawa da suka haɗa sanin harshen da sanin lissafin.

Game da 'yan mata, sharaɗin ɗaya ne da na maza, makarantun Taura da Jahun domin su aka gina, kuma fannin yana daga cikin 'yan kaɗan da mace za ta iya yin aikinsu daga ɗakinta.

Abin da zai iya biyo baya ga ƙasar fadama

Darasi na huɗu a jarrabawar JAMB, wanda mutane suke ɗauka cikon benci ne, a nan yake da ƙima. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin ya yi ta nutsewa wani ya bushe. Sanin yawan ruwan da za a saki da ranar da zai iso Kirikasamma, da auna faɗin da kacala ta ci daga hoton tauraron ɗan'adam, da ƙidayar tsuntsayen da ke sauka a Baturiya daga Turai, duk ayyuka ne na bayanai da lissafi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, amma mayar da su gargaɗin da zai isa wayar manomi da Hausa, a kan gonarsa, yana jiran wanda ya san kwamfuta ya kuma san fadama. Ɗalibin da ya riƙe Labarin Ƙasa ko Aikin Gona ko Bayoloji tare da Lissafi da Fizis yana da wani abu a hannu wanda ɗan Legas ba shi da shi. Adalci ne kuma a faɗi ɗaya gefen: ayyukan albashi a wannan fanni sun taru ne a Abuja da Legas da Kano, yawancin waɗanda suka ƙware za su tafi, aiki daga gida kuma ba zai yiwu ba sai wuta da sadarwa sun zauna da gindinsu.

Wanda ya riga ya wuce mararraba

Idan yaro yana aji ɗaya, ko farkon aji biyu, sauya aji yana yiwuwa da izinin shugaban makaranta, da sharaɗin a sama masa mai yi masa bitar abin da ya wuce shi. Idan ya riga ya gama babu Fizis, ko Lissafinsa bai kai kiredit ba, WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma tun da an yarda da zama biyu, yana iya rubuta abin da ya rasa ya haɗa da takardarsa ta farko. Sai dai Fizis na shekara uku ba ya shiga kai cikin wata biyu, gara ya ba shi shekara guda cur. Akwai hanyar difloma, shekara biyu a kwalejin fasaha, wadda mai sakamako mai kyau yake iya shiga aji biyu na jami'a da ita kai tsaye, haka kuma shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, ko da yake su ma ba su yafe kiredit ɗin Lissafi ba. Ɗalibin adabi ko kasuwanci da ba ya son komawa baya yana iya duba fannonin da ke maƙwabtaka da kwamfuta, kamar ilmin laburare da adana bayanai, ko aikin jarida, ko akanta, ya ɗora musu ƙwarewar na'ura ta gajeren horo. Kowace hanya aka zaɓa, tun da sharuɗɗa suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a kuma suna sauyawa, littafin jagora na shekarar da za a rubuta jarrabawar shi ne abin dogaro, a buɗe shafin jami'ar da ake so a karanta sharaɗinta kafin a biya kuɗin fom.